Tsirkiya a ƙasa ko a sama: wanne ya dace da mai kaɗa jitar bas?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi jitar bas ta hannu, tsirkiyoyinta sun yi nisa da wuya har yatsunka na hagu suna ciwo. Wani ya ce ka sauke su, wani ya ce in ka sauke sautin zai mutu, kai kuma ka rasa na bi. Kowannensu yana da gaskiyarsa, domin kowa ƙarfin hannunsa na dama yake auna maka.

Tsirkiya in an fizge ta lilo take yi, kuma lilon ya fi faɗi a tsakiyarta, wajen firet na 12 (firet su ne ƙarafan da ke jere a wuyan jita, ana ƙirga su daga kan jitar). Gwargwadon ƙarfin fizga, gwargwadon faɗin lilo. In ba ta samu fili ba, sai ta riƙa taɓa ƙarafan wuya, ka ji wannan zuzar mai ban haushi. Tsirkiyar E, da yake ita ce mafi kauri, ta fi kowacce neman fili. Kamfanin Fender, wanda ya fito da jitar Precision Bass a 1951, yana ba da ma'aunin tazara tsakanin tsirkiya da firet kusan milimita 2.4 a gefen E da milimita 2 a gefen G, wato tsirkiya mafi siranta, ga yawancin jitocinsa na zamani, a auna a firet na 17. Wannan shi ne tsaka-tsaki. Abin da ya gaza milimita 2 ƙasa ne, milimita 3 zuwa sama kuwa ya yi tsayi.

Tsirkiyar da ke ƙasa tana sauƙaƙa wa hannun hagu. Da ka ɗora yatsa ta kwanta, gudu ya zo da sauƙi, za ka yi dogon kiɗan biki ba tare da hannu ya ƙage ba. Mai bugu da babban yatsa, salon da Larry Graham ya shahara da shi tun yana ƙungiyar Sly and the Family Stone, shi ma ƙasa ta fi masa, saboda sautin salon daga karon tsirkiya da firet yake fitowa. Shahararren mai kaɗa bas Victor Wooten ma a ƙasa yake ajiye nasa. John Entwistle na ƙungiyar The Who ta Ingila ya sauke nasa matuƙa, ya mayar da ƙarar karon wani ɓangare na sautinsa. Sharaɗin dai shi ne hannun dama ya yi laushi, amfilifaya ta ɗauki nauyin ƙara. In ka fizga da ƙarfi, sautin shaƙewa zai yi maimakon ya ƙaru.

Ta sama kuwa fili take ba ka. Za ka iya taɓawa a hankali, ka kuma fizga da dukkan ƙarfinka, sautin ya fito a cike babu zuza. Babban misali James Jamerson ne, wanda ya kaɗa bas a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown a Detroit cikin shekarun 1960. Precision ɗinsa ta 1962 tana da tsirkiyoyin La Bella masu kauri da santsi, a ɗage sosai, kuma da yatsa ɗaya yake fizga. Amma a tuna daga babbar bas ta tsaye ya fito, hannunsa ya riga ya saba da tauri. Masu cewa "Jamerson ma a sama yake kaɗawa" sukan manta da wannan, kuma abin yana damuna, domin na ga masu koyo sun ajiye jita saboda ciwon da babu dalilinsa. Akwai kuma wata illa: in tsirkiya ta yi nisa, kafin ta kai firet ta miƙe fiye da kima, sai muryar ta ɗan haura, musamman a firet na sama, wato na kusa da jikin jita. Dole a ja jaki, wato ƙarfen da tsirkiya ke zaune a kai a jikin jita, baya kaɗan kafin ta daidaita.

A ganina, tunda koyo kake yi, ka fara daga ma'aunin Fender ko ƙasa da shi kaɗan, ka koya wa hannun damanka taushi. Da yawa daga masu kaɗawa a coci ko a wurin biki suna fizga da ƙarfi ne saboda ganguna sun danne su, amfilifayar kuma ƙarama ce. Maganin wannan a ƙara murya ko a matso da lasifika kusa da kunne. In bayan wata biyu ka ga har yanzu hannunka mai nauyi ne kuma kana son hakan, sai ka ɗaga rabin milimita.

Kafin ka taɓa jaki, duba wuyan tukuna, don jitar hannu sau da yawa lanƙwasar wuya ce matsalarta. Danne E a firet na farko da na ƙarshe lokaci ɗaya, ka leƙa tazarar da ke firet na 8. Ya kamata ta zama wajen milimita 0.3, kaurin katin kasuwanci. In ta wuce haka, a ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuya, kwatan juyi kawai, a sake saita murya a duba. In ta cije, kada ka tilasta mata, kai wa mai gyara. Zuza a firet na farko-farko tana nuna wuya ya miƙe da yawa. A na can sama, jaki ne ya yi ƙasa. Wadda kuma kake ji a jikin jita amma ba ta fita a amfilifaya, ƙyale ta.

Katako yana motsi da yanayi. Saitin da ka yi da damina zai iya canjawa da hunturu, har bakin firet ya riƙa kartar hannu saboda bushewa. Tsirkiyar ƙasa ta fi saurin nuna wannan canji, don haka ka sake aunawa in iskar hunturu ta fara, da kuma bayan ruwa ya zauna.