Digirin Ilimin Muhallin Halittu Mai Haɗe Da Shekara Guda A Waje: Sharhin Wanda Ya Yi Shi

Na yi digirina na farko a fannin ilimin muhallin halittu a wata jami'a da ke Ingila, a ƙarƙashin tsarin da ke tura ɗalibi wata ƙasa ya yi shekara guda kafin ya dawo ya kammala. Tun da na gama, iyaye da ƙanne suke yi mini tambaya iri ɗaya, wato ko wannan ƙarin shekarar ta cancanci kuɗin da take ci da lokacin da take ɗauka. Amsata ita ce ta cancanta, amma bisa sharaɗi, kuma wannan sharaɗin ba ya cikin abin da takardun tallan jami'o'i suke faɗa.

Tsarin kansa ba shi da sarƙaƙiya. Digirin farko a Ingila shekara uku ne, sai a mayar da shi huɗu, a sanya shekarar waje ta zama ta uku. Shekara biyun farko na koyon tushe ne: yadda halittu ke cin juna da gasa da juna, yadda yawan wata dabba ke hauhawa ya faɗi, yadda ruwa da sinadaran ƙasa ke zagayawa tsakanin tsiro da dabba da iska. A wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi kan ingancin koyarwa, domin Birtaniya gida ce ga wannan fanni. A can aka kafa ƙungiyar masana muhallin halittu a 1913, kuma masaninsu Arthur Tansley ne ya fito a 1935 da kalmar ecosystem, wadda duniya ke amfani da ita yau wajen kiran halittu da muhallinsu a matsayin tsari guda. Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinsu da dogon bincike. A cibiyar binciken noma ta Rothamsted akwai wani filin ciyawa da aka fara gwaji a kansa tun 1856, ana zuba wa wasu ɓangarori taki ana barin wasu, kuma har yau ana ƙirga tsirran da ke fitowa. Sakamakon ya nuna cewa ɓangarorin da ba a zuba wa taki ba sun fi yawan nau'o'in tsirrai nesa ba kusa ba, domin inda taki ya yi yawa wasu 'yan ciyayi masu ƙarfi ne ke mamaye wurin su danne sauran. Ɗalibin da aka koya wa karatu da irin waɗannan bayanai yana fita da ladabin jira kafin yanke hukunci.

Wanda yake tsammanin yawon daji da kallon tsuntsaye ne kawai, ya shirya wa lissafi. Kusan kowane aikin fili yana ƙarewa ne a gaban kwamfuta, inda ake tace alƙaluma da manhajar R, kuma ɗalibai da yawa a nan suke fara karaya. Aikin filin ma ba hutu ba ne. Ana ɗaukar wani firam mai kusurwa huɗu a ajiye a ƙasa, a durƙusa cikin sanyi da yayyafi a ƙirga duk tsiron da ke ciki, sannan a matsa gaba a maimaita har sau hamsin ko fiye. Na ga amfanin wannan horo daga baya, kuma ina ganin shi ne mafi darajar abin da shekarun farko suka ba ni.

Amma akwai giɓi babba. Kusan duk misalan da ake bayarwa na ƙasar sanyi ne, inda hunturu ke tsayar da girman tsiro, ruwa kuma yana sauka kusan kowane wata. Yankinmu na Sahel ba ya shigowa darasi sai ta hanyar tsuntsaye masu ƙaura. An koya mana cewa a 1969 wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke hayayyafa a Birtaniya ya ragu da fiye da rabi a shekara guda, kuma daga baya aka gano cewa farin da ya fara a Sahel, inda yake zuwa cin rani, shi ne sanadi. Darasi ne mai kyau, sai dai ana kallonmu ne daga can, a matsayin wurin da tsuntsunsu ke zuwa. Wuta, da fari, da kiwo, da gara, waɗanda su ne ke juya rayuwar dajin da na taso a kusa da shi, ba su wuce lacca biyu ko uku ba.

Wannan giɓin ne ya sa na zaɓi birnin Darwin da ke arewacin Ostareliya, a lokacin da yawancin abokan karatuna ke rububin manyan biranen Kanada da Amurka da kudancin Ostareliya. Darwin yana kudu da layin da ya raba duniya biyu da kimanin digiri 12, kusan daidai da nisan Kano daga layin ta arewa. Suna da damina da rani kamar mu, sai dai a juye: ruwa na sauka daga Nuwamba zuwa Afrilu, rani kuma daga Mayu zuwa Oktoba, sannan kafin saukar ruwa akwai wani zafi mai gumi da duk wanda ya san bazara zai gane shi. Ruwan da suke samu ya kai kusan ninki biyu na Kano. Shekarar karatunsu tana farawa ne a wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, don haka ɗalibin da ya zo daga Ingila yana sauka a Yuli, ya fara da zangonsu na biyu kafin ya yi na farko. Wannan juyi yana da illa, domin wasu darussan zango na biyu an gina su ne a kan na farko, amma a wurina ya zama alheri, tunda na isa a tsakiyar lokacin gobarar daji.

A fitarmu ta farko zuwa daji, a kan hanyar gandun Litchfield da ke kudu da Darwin, malaminmu ya tsayar da mota kusa da wata doguwar ciyawa da ta fi tsayin mutum, ya ce wannan ita ce babbar matsalar yankin, kuma sunanta gamba. Na ɗauka kunnena ne ya yaudare ni. Gamba ce dai tamu, wadda ake yanka a saƙa zana a kewaye gida, kuma har sunan na Hausa ya bi ta zuwa can. An shigo da ita yankin ne a 1931 domin gwada ta a matsayin abincin shanu, ta kuma yi kyau ƙwarai a wuraren kiwo. Matsalar ta taso ne da ta tsallake shinge ta shiga dajin da babu garken da zai cinye ta, babu kuma mai lauje da zai yanke ta. A can takan kai tsayin mita huɗu, ta yi kauri, kuma ba ta bushewa sai can cikin rani, lokacin da iska ta fi zafi. Idan wuta ta kama ta, ƙarfin gobarar yana ninka na ciyayin asalin yankin sau da dama, harshen wutar ya kai saman itatuwan turare ya kashe su, alhali waɗannan itatuwa sun saba da ƙaramar wuta da ke bi ta ƙarƙashinsu ta wuce. Bayan 'yan shekaru sai daji mai itatuwa ya koma filin gamba zalla. A 2012 gwamnatin Ostareliya ta sanya ta cikin jerin mugayen ciyayi da suka zama matsalar ƙasa baki ɗaya.

Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma a nan ne na fahimci abin da aka yi shekara biyu ana koya mini a takarda. Ciyawar ɗaya ce, amma abin da ke kewaye da ita ya bambanta. A gida, Bafulatani da shanunsa, da manomi da laujensa, da mai saƙar zana, duk suna cikin tsarin da ke riƙe da gamba a matsayinta, ko da ba su taɓa kiran kansu masu kula da muhalli ba. Da aka cire su daga lissafin, sai abin da yake arziki a wani wuri ya zama annoba a wani. Tumfafiya ma tana cikin ciyayin da suke yaƙi da su a yankin. Akwai kuma labarin wani babban kwaɗo mai guba da aka kai jihar Kwinsilan a 1935 domin ya cinye ƙwarin rake, ya bar ƙwarin ya bazu zuwa yamma har ya isa gandun Kakadu a farkon shekarun 2000, yana hallaka dabbobin da ke ƙoƙarin cin sa.

Darasin da ya fi kowanne daraja shi ne na sarrafa wuta. 'Yan asalin ƙasar sun yi dubban shekaru suna ƙona daji da wuri, a farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, suna ƙona wani yanki suna barin wani, ta yadda babbar gobarar ƙarshen rani ba za ta sami abin ci mai faɗi ba. Bayan da aka raba mutane da ƙasarsu wannan al'ada ta yi rauni, manyan gobara suka yawaita. A 2006 aka ƙaddamar da wani shiri a yammacin yankin Arnhem Land da ke gabas da Darwin, inda masu gadin daji 'yan asalin wurin suka farfaɗo da ƙonawar wuri, ana kuma biyan su saboda hayaƙin da aikinsu ke hana tashi sama. Jami'ar da ta karɓe ni tana koyar da wannan da girmamawa, tana ɗaukar sanin dattawan wurin a matsayin ilimi na gaske. Ranar da na tsaya a gefen irin wannan wuta ina kallon shirwa suna shawagi a kan hayaƙi suna cafke fari, na tuna cewa na sha ganin haka tun ina yaro, amma ban taɓa sanin akwai tambayar bincike a cikinsa ba.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne nauyin da ba a bayyana shi yadda ya kamata. Jami'o'in Ingila sukan rage kuɗin makaranta sosai a shekarar waje, kuma ba a biyan jami'ar da aka je, domin musayar ɗalibai ake yi. Wannan gaskiya ne, amma rabin labarin ne. Ɗalibin da ba ɗan Birtaniya ba yana biyan kuɗin kiwon lafiya na duk tsawon bizarsa tun farko, wanda ya koma fam 776 a kowace shekara daga 2024, har da shekarar da ba ya ƙasar. Sannan dole ya nemi wata bizar ɗalibi ta Ostareliya, wadda kuɗinta ya tashi daga dalar ƙasar 710 zuwa 1,600 a Yulin 2024, ya kuma sayi inshorar lafiya ta dole. Ga tikitin jirgi, ga haya, ga kuɗin fita daji da wasu darussa ke buƙata. Iyalin da ke canza naira ko sefa domin biyan waɗannan ya kamata su zauna su yi lissafin shekara huɗu cur kafin a cika takardar farko.

Inda jami'ata ta Ingila ta gaza kuwa shi ne ofishin da ke kula da tafiyar. Ba a ba da tabbacin gurbi, sai ɗalibi ya kai wani mataki na maki a shekarar farko, sannan ya jera zaɓinsa a yi gasa, kuma wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne ma'aikatan sun saba da ɗalibi mai fasfon Birtaniya, wanda bizarsa ke fitowa cikin sauƙi, ba su san cewa mai fasfo irin nawa yana buƙatar ƙarin takardu da ƙarin makonni ba. Wasiƙar da nake jira daga gare su ta makara har na kusa rasa farkon zango. Amincewa da darussan da zan ɗauka ma ta ja lokaci, har ɗaya daga cikinsu ya cika kafin a sa mini hannu. Bayan na isa can kuma, sau biyu kacal aka tuntuɓe ni a shekara guda. A tsarinmu makin shekarar waje ba ya yin nauyi sosai a sakamakon ƙarshe, abin da ke sa wasu ɗalibai su mayar da ita hutu, kuma ina ganin wannan rashin adalci ne ga wanda ya je ya yi aiki tuƙuru.

Dawowa ma tana da nata ɗacin, domin abokan da muka fara tare, waɗanda suka bi tsarin shekara uku, sun riga sun kammala sun watse, sai mutum ya shiga shekarar ƙarshe cikin baƙin fuskoki. Duk da haka a nan ne ribar ta fito fili. Lokacin zaɓar binciken kammalawa, yawancin ɗalibai sun ɗauki taken da malamai suka jera musu, ni kuwa na zo da tambayata a hannu, kan yadda yanka da kiwo ke rage tarin busasshiyar ciyawa kafin lokacin wuta. Malamar da ta duba aikin ba ta taɓa ganin gamba da idonta ba, amma ta san yadda ake tsara gwaji, ni kuma na san ciyawar a nahiyoyi biyu.

Ga mai niyyar shiga wannan tsari, kafin ya biya ko sisi ya nemi jami'ar ta ba shi jerin jami'o'in da sashen halittu ke musaya da su, ba jerin jami'ar gaba ɗaya ba, domin sau da yawa sun bambanta. Ya tambayi gurbi nawa kowacce ke bayarwa, da nawa ɗalibin waje ke biya a wannan shekarar, da kuma ko ofishin ya taɓa tura mai fasfo irin nasa. Sannan ya buɗe taswira ya duba irin dajin da ke kewaye da kowace jami'a a jerin, da watan da ruwa ke sauka a wurin, da ko darussan da za a ba shi suna da kwanakin fita fili a cikin watannin da zai yi a can.