Tauhidin mata: na jami'a ko na ƙauyen Chiapas?

Ɗaliban tauhidin Kirista suna yawan tambayata wanne za su bi cikin nau'i biyu na tauhidin mata, wato nazarin addini ta mahangar mata. Na jami'o'in Amurka, irin na malamar tauhidi Rosemary Ruether, ya tone yadda maza suka mamaye fassarar Littafi Mai Tsarki. Yana da zurfi, amma littattafansa da tsada, kuma macen da ke neman masarar tuwon dare ba ta cika ganin kanta a ciki ba.

A Chiapas ta Meziko kuwa, zamanin Bishop Samuel Ruiz, matan ƙabilun Tzotzil da Tzeltal, 'yan asalin yankin, sun riƙa haɗuwa suna karanta Littafi da harshensu, suna tattauna gona, dukan miji da rashin asibiti. Kusan kyauta ne, sai dai akwai fushin dattawa, kuma kaɗan ake rubutawa.

Mai son koyarwa, na farko ya fi masa. Mai aiki cikin talakawa, na biyu.