Gishirin Titi da Fentin Mota a Kanada: Me Ya Kamata Ka Fara Saya?

Duk wanda ya je sayen mota wurin dillali a Toronto ko Ottawa, bayan an gama ciniki ba a sallamarsa haka nan. Sai an shigar da shi wani ɗan ofis, a baje masa jerin abin da suke kira kariyar mota: ruwan seramik na fenti, ledar gaban mota, feshin ƙarƙashi, har da wata 'yar na'ura mai waya da ake cewa tana korar tsatsa. Kowanne da farashinsa, kuma za a ce maka kada ka damu, a lafta su cikin bashin motar ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Baƙon da ya taso a Kano ko Maraɗi, wanda iyakar abin da ya sani yana ɓata fenti shi ne rana da ƙura, nan da nan zai rikice. Wasu daga cikin kayan nan suna aiki ƙwarai, wasu ɓarnar kuɗi ne, kuma wanda ya fi muhimmanci yana cikin masu araha.

Dusar ƙanƙara kanta ba ta cin mota. Gishirin da ake watsa wa tituna don narkar da ita ne yake yin ɓarnar. Kanada na zuba kusan tan miliyan 5 na gishiri a hanyoyinta kowace shekara, Ontario da Quebec ne kan gaba. Gishirin da aka saba, irin na miya, ƙarfinsa yana raguwa idan sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifili, shi ya sa ake haɗawa da gishirin kalsiyam da na magnesiyam. Waɗannan biyun halinsu jawo laima daga iska, sai su manne a jikin ƙarfe su zauna a jiƙe ko da titi ya bushe. Fararen layukan da za ka gani a kwalta kafin dusa ta sauko, ruwan gishiri ne aka fesa, kuma shi ya fi iya kutsawa lungu da saƙo.

Gishiri ba ya huda lafiyayyen fenti, sai tsakuwa ta fasa masa ƙofa. Inda yake samun yadda yake so shi ne ƙarƙashin mota: shasi, bututun birki, bututun mai, cikin ƙofofi ta ƙasa, da bayan madgad inda taɓo ke taruwa. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da ya kai dala biliyan 3.4 a Amurka saboda shasin motocin Tacoma da Tundra da Sequoia da tsatsa ta ci. Matsalar ba a wurin da ido ke gani take ba. Don haka kuɗin farko ƙasa ya kamata ya tafi.

Feshin ƙarƙashi iri biyu ne, kuma bambancinsu babba ne. Na farko mai ne mai ruwa-ruwa, irin wanda shagunan Krown da Rust Check ke fesawa duk shekara, galibi a kan dala 150 zuwa 200 na Kanada gwargwadon girman mota. Man ba ya bushewa. Yana bin ɗinkin ƙarfe yana korar laima, har inda tsatsa ta fara yakan rage mata gudu. Illarsa ita ce ƙazanta. Motar za ta yi kwana biyu ko uku tana ɗiga, saboda haka kada ka ajiye ta a dandamalin simintin mai gidan hayarka, ka nemi gefen titi. Salansa za ta ɗan yi hayaƙi da ƙauri a ranar farko, ƙura za ta manne a ƙasan ƙofofi, makanike kuma zai yi tsaki duk ranar da ya shiga ƙarƙashinta. Wasu shagunan sukan huda ƙananan ramuka a jikin ƙofa su zura bututu, sannan su toshe da roba. In motar sabuwa ce, duba takardar garantinta kafin ka yarda a huda, ko ka nemi masu bi ta ramukan da kamfani ya riga ya bari. Mai son yi da hannunsa yana iya sayen gwangwanin Fluid Film, wanda aka yi da maiƙon gashin tumaki; hancinka zai gaya maka haka da zarar ka fesa.

Na biyu shi ne baƙin shafi mai kauri kamar kwalta, wanda ke bushewa ya zama roba. Yana da kyan gani, yana rage ƙarar titi, kuma shi dillalai suka fi turawa don sau ɗaya ake biya. A kan sabuwar mota fil, mai tsabtataccen ƙarƙashi, ba laifi. A kan motar da ta riga ta ga hunturu uku ko huɗu kuwa, kamar yaɓe ne a bangon da gara ta riga ta shiga. Da ya tsage, ruwan gishiri ya shige ta baya ya zauna, kai kuma kana kallon baƙi sumul kana cewa lafiya lau.

Ita 'yar na'urar mai waya ba sai an tsaya dogon bayani ba. Dabarar, wato hana tsatsa da ɗan lantarki, tana aiki a jiragen ruwa da bututun da aka binne a ƙasa, domin ruwa ko jiƙaƙƙiyar ƙasa ce ke kammala zagayen lantarkin. Mota kuwa a kan tayoyin roba take, cikin iska. Ka ce musu ka gode.

Sai fenti. Shafin ƙarshe mai sheƙi da ke saman launin mota bai kai kaurin gashin kai ba, kuma duk abin da ake shafa masa aikinsa ɗaya ne: ya sa ƙazanta ta kasa kamawa sosai, wanki ya yi sauƙi. Kakin karnauba, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya na Brazil, shi ya fi ba da ƙyalli mai daɗin ido, amma wata biyu da ƙyar yake yi, sabulun injin wanki kuma yakan kankare shi kafin Janairu. A ganina wannan kayan bazara ne. Man kariya na haɗin masana'anta, wanda kwalbarsa ba ta cika wuce dala 40 ba, yakan kai wata huɗu zuwa shida, wato in ka shafa a Oktoba zai raka ka zuwa Maris. Ga yawancin mutane wannan ya wadatar. Akwai kuma feshin seramik na kanti da ake fesawa a kan jiƙaƙƙiyar mota bayan wanki. Minti biyar ne aikinsa, yana da kyau don ƙara ƙarfi a tsakiyar sanyi.

Seramik na ƙwararru wani mataki ne daban. Yakan yi shekara biyu zuwa biyar, farashinsa kuma daga ɗaruruwan daloli zuwa sama da dubu, mafi yawan kuɗin na ladan goge fentin ne kafin a shafa. Ruwa na zamewa a kansa, gishiri na fita da ɗan feshi. Amma ba ya tare tsakuwa, ba ya hana karce, duk abin da mai talla zai faɗa. Kuma yana bukatar ɗumi da bushewa kafin ya kama, don haka aikin Satumba ne ko Oktoba, ko kuma cikin rufaffen shago.

Abin da ke tare tsakuwa da gaske ledar fenti ce, wata roba garau mai kaurin kusan milimita 0.2, wadda kamfanin 3M ya fara yi don kare fukafukan jiragen helikwafta lokacin yaƙin Biyetnam. Yau 3M da XPEL da SunTek ne sunayen da za ka fi ji. Ƙananan karce sukan ɓace da kansu idan ta ji zafi. Gaban mota gaba ɗaya, wato bonet da bamba da madubai, yakan tashi dala 1,500 zuwa sama, dukkan jiki kuwa ya haura 5,000. A nan garin da kake zaune ne zai yanke hukunci. A Calgary da Edmonton, inda sanyi kan fi ƙarfin gishiri har a koma watsa yashi da tsakuwa, bonet ɗin da ba shi da leda yakan yi zanzana cikin 'yan shekaru, leda ta cancanci kuɗinta. Mai tsohuwar Corolla a cikin Toronto kuwa, gara ya sayi ɗan alƙalamin fenti mai lambar launin motarsa, lambar tana jikin takardar da ke maƙale a bakin ƙofar direba a yawancin motoci, ya riƙa ɗige duk wurin da ya fashe kafin Nuwamba.

Duk waɗannan ba sa maye gurbin wanki, kamar sau ɗaya a mako biyu, da kuma bayan kowace babbar dusa. Injin da ke da tsummoki masu juyawa yana fitar da datti sosai, amma yashin motar da ta riga ka yana jikin tsumman, shi ke barin zanen gizo-gizo a baƙar mota. Wanda ba ya taɓa jiki, ruwa da sabulu mai ƙarfi kawai, ya fi aminci ga fenti ko da yake yakan bar ɗan dushi-dushi. Ko wanne ka shiga, zaɓi farashin da ya haɗa da feshin ƙarƙashi. Wasu gidajen mai na sayar da katin wanki na wata uku, yana sauƙaƙa lissafi. A rumfar wanki da kanka, ka riƙe bindigar ruwan ka zagaya cikin madgad da ƙasan ƙofofi, amma buroshin kumfan da ke rataye a bango ka bar shi inda ka gan shi, don ba ka san tayar wace babbar mota aka gama gogewa da shi ba. Mai gareji yana iya amfani da sabulun da ba ya bukatar ɗauraya irin Optimum No Rinse, kusan mililita 30 a ruwa lita 8, bayan ya fara zubar da gishirin a rumfa.

Ka zaɓi ranar da sanyi ya sassauta zuwa kusa da sifili. Kana fitowa, tsaya ka buɗe ƙofofi huɗu da but, ka goge robobin bakinsu da busasshen tsumma, ka shafa musu man silikon. In ba haka ba, da asuba za ka ja hannun ƙofa ka ji ta haɗe da jikin mota, in ka matsa robar ta yage. Wanki a ƙofar gida kuwa ruwan daskarewa yake a hanyar masu tafiya a ƙasa, maƙwabci ya zame, magana ta zama babba.

Wajen share dusa da safe ne mutane suka fi yi wa fentinsu illa da hannunsu. Buroshi mai kan soso ya fi mai tsinke, makankarar roba kuma ta gilashi ce kaɗai. A ciki, shimfiɗar roba mai baki irin ta WeatherTech tana tare narkakkiyar dusar takalmi, wadda in ta jiƙa kafet takan ci ƙarfen daɓen motar daga sama. Gareji mai ɗumi ma yana da nasa: gishirin da ya daskare a waje ba ya aiki sosai, amma kullum dare ka shigar da motar ya narke, tsatsa ta samu ɗumi da laima. Mai irin wannan gareji ya fi kowa bukatar yawan wanke ƙarƙashi.

Wanda ya ɗauki mota haya ta shekara uku zai mayar, wanki da man kariya sun ishe shi. Wanda ya sayi ta hannu yana fatan ta yi masa shekara takwas, feshin mai duk shekara ya zo farko, sauran in kuɗi ya ragu. Masu sayen mota a gwanjon Ontario ko Michigan don turawa gida ta Kwatano ko Legas kuwa, hoton bodi mai ƙyalli bai isa ba. A sa a ɗaga ta sama, a haska tocila a bututun birki da wuraren da ake kafa jak, a ƙwanƙwasa shasin da sukundireba. In ƙarfe yana zubowa ɓawo-ɓawo, ko an ga sabon baƙin feshi a ƙarƙashin motar da ta shekara goma, a nemi wata.