Kare sumo a rijiya mai ƙarancin ruwa: waya a ciki ko na'ura a waje?

Sumo, wato injin jan ruwa da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse, ruwan da yake ja shi ke sanyaya shi. Rijiya ta ƙafe yana aiki, sai ya ƙone, musamman a bazara.

Wasu na zura wayoyin auna ruwa cikin burtsatsen: na ƙasa ya kashe injin kafin ruwa ya gota bakinsa, na sama ya kunna idan ruwa ya taru. Amma tsatsa na dushe su, sai an zaro an kankare.

Na'urar waje kuwa wutar da injin ke ja take lura da ita: in ruwa ya ƙare wutar ta ragu, sai na'urar ta yanke, ta jira mintunan da aka saita kafin ta sake kunnawa. Ba a taɓa rijiyar, sai dai wuta mai hawa da sauka na ruɗa ta. Inda ƙarfin wuta ba ya tsayawa daidai, na fi yarda da wayoyin.