Akwatin ɗaukar hoto mai fitila: ya yi min aiki, amma sai da na rufe rabin wutarsa

Masu ta tambayata a kan akwatin nan mai fitilar LED da na saya don ɗaukar hoton 'yan sojojin da nake wa fenti, to ga amsa a dunƙule, ku saya in kuɗin bai dame ku ba, amma kar ku yarda da hasken da ya zo da shi yadda yake, don wallahi zai cinye muku wahalar da kuka sha a kan burushi.

Na san a nan unguwar Nima ta Accra da yawa in sun ga abin sai su ce kai da girmanka kana wasan 'yar tsana, to bari in ɗan yi bayani. 'Yan ƙananan mutum-mutumi ne na wasan yaƙi a kan tebur, mafi shahara shi ne Warhammer na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila, tun 1983 suka fara fitar da shi. Soja ɗaya tsayinsa bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba, a robarsa toka-toka yake zuwa, kai za ka yanko shi ka manna da gam ka fesa masa fentin farko, sannan ka zauna kana yi masa ido da haƙori da tsatsar takobi da burushin da bakinsa bai kai tsinken sakace ba. Babbar gasar wannan harka ita ce Golden Demon wadda aka fara a 1987, wanda ya fi kowa a ba shi takobi na gaske da suke kira Slayer Sword. To su can alƙalai abin da kansa suke dubawa ido da ido. Mu kuwa da ke Accra, ina biza ina kuɗin jirgi, gasar da muke iya shiga ita ce ta intanet wadda hoto kawai za ka tura, ke nan alƙali bai san sojanka ba, hotonka ya sani.

Akwatin ba shi da wani sunan kamfani na kirki, irin waɗanda ake sayarwa birjik ne a intanet, na biya ta Momo, wato tura kuɗi ta waya, mai babur ya kawo min har ƙofar gida. Farar roba ce mai naɗewa, faɗinsa kamar santimita 30, maɓallai ne ke haɗa shi, a sama akwai layi biyu na fitila da huda ta leƙawa daga sama, sai shimfiɗu na baya kala-kala, fari baƙi ja kore shuɗi da ruwan ɗorawa. Kuɗinsa bai kai na 'yan kwalaben fentin Vallejo guda biyar ba in ka haɗa da kuɗin kawowa, saboda haka ban sa rai da abin mamaki ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne da USB yake aiki. Duk wanda ya zauna garin nan ya san dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, kuma yawanci da dare nake samun sarari bayan yara sun kwanta, to in wuta ta tafi sai in jona shi da fawa bank in ci gaba, haske bai canza ba, jiya da yau iri ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, da can a bakin taga nake ɗauka, hoton safe daban na la'asar daban, gajimare ya gifta kalar ta juye, sai ka tura hoto huɗu na soja ɗaya ka ga kamar sojoji huɗu. Kuma yana naɗewa ya shige bayan durowa, a ɗakin haya wannan ma alheri ne.

Yanzu ga inda matsalar take, kuma ita ce ta sa na zauna rubuta duk wannan.

Wannan akwati an yi shi ne don masu tallan agogo da turare da takalmin yara, aikinsa ya kashe inuwa gaba ɗaya, haske ya sauko daga sama ya bugi farin bango ya dawo ta ko'ina. Mu kuma aikinmu inuwa ce. Abin da ya kai milimita 30 ba ya yin inuwar kansa da za ta isa ido ya gani, shi ya sa da hannu muke zana ta, tun daga fentin farko sai ka fesa baƙi ko'ina sannan ka feso fari daga sama kawai don ka ga inda rana za ta faɗa, daga nan ka bi da fenti tsararo-tsararo, shafi a kan shafi, duhu a ƙarƙashin haɓa da lungun riga, haske a kan kafaɗa da karan hanci. Masu ƙwarewa har ƙarfe suke zanawa ba tare da fenti mai ƙyalli ba, da toka da baƙi da ɗigon fari kawai takobi ya yi ta walƙiya a ido. Da na sa wani jarumi mai sulke da na daɗe ina fama da shi cikin akwatin na kunna wuta duka, chale, sai ya fito fayau kamar hoton fasfo, duhun da na zana a ƙasan garkuwa ya zama toka, hasken kafaɗa ya ƙone ya koma fari fat babu komai a ciki, ga wani haske na biyu na fitila ya hau kan wanda na zana suna faɗa da juna. Wanda bai sani ba zai ce kala ɗaya na shafa na tashi.

Sai kalar hasken. An rubuta fari ne amma shuɗi-shuɗi yake, kuma irin fitilar nan mai araha ja take fi cuta, jar alkyabba ta koma kalar bulo, fatar fuska ta yi kamar mai jinya. Masu hoto suna neman fitila mai wajen 5000 zuwa 5500K a ma'aunin kalar haske wadda CRI ɗinta ya haura 90, wato mai nuna kala yadda take a rana, wannan kwalin kuwa ko ambaton CRI bai yi ba. Akwai ɗan maɓallin rage haske a jikin wayarsa, na ce alhamdulillahi, ashe in ka rage sai layi-layi baƙaƙe su bayyana a hoton, don fitilar kunnawa da kashewa take da sauri ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa. Saboda haka maɓallin nan ku bar shi a kan cikakken haske kawai.

Yadda na shawo kansa, layin fitila na gaba na rufe shi ruf da baƙin salatif, na baya kuma na manna masa takardar kwafin zane mai shara-shara ninki biyu, a shagon masu littattafai ake samu, haske ya yi laushi. Bangon ciki na hagu da dama na liƙa baƙar takarda don ya daina dawo da haske ta gefe. Sannan na kawo fitilar tebur mai ƙwai na kirki na ajiye a gaba ta ɗan gefe, daidai ɓangaren da na zana haske ya fito, ita ma da takarda a bakinta. Nan take sulken ya dawo hayyacinsa. In kun lura kusan akwatin ya zama rumfa kawai, hasken gaske daga waje yake zuwa.

Shimfiɗun baya kuwa, ja da kore da ruwan ɗorawa ban ga amfaninsu ba, kalarsu tana zubowa a jikin sojan. Fari yana ruɗa waya ta rage haske soja ya yi duhu, baƙi kuma ta ƙara haske har ya ƙone, ga shi robar tana sheƙi. Toka-toka ne ya fi, kuma shi ne ba su sa ba. Na je wajen wani tela a layinmu ya ba ni ragowar yadi mai ruwan toka marar ƙyalli, na goge shi da ayan na rataya ya sauko a lanƙwashe ba karyewa, soja kuma na janyo shi gaba kamar taƙi ɗaya daga bango don zaren yadin ya ɓace a hoto.

Ta ɓangaren waya, kar ku kusanto da ita har hanci, kai zai kumbura ƙafa ta tsuke kuma takobi ya fita daga fokas. Ku ja baya ku sa zum na 2x in wayar tana da gilashinsa, ku ɗora ta a kan mai ƙafa uku, nawa a Circle na saya wajen masu kayan waya, ku danna kan sojan ku riƙe har haske da fokas su kulle, ku ɗan ja hasken ƙasa, ku sa taima don hannu kar ya girgiza. Mai babbar kyamara ISO 100 da f/8 zuwa f/11 sun ishe shi. Kuma don Allah in za ku tura wa wani ta WhatsApp ku tura a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse hoton idon da kuka kwana kuna ɗigawa ya zama tabo. Gyaran hoto kuma ku tsaya a daidaita fari da yanke gefe, ku karanta dokar gasar tukuna, ba kowa ke yarda da shafe-shafe ba.

Wani abu da mai sayarwa ba zai faɗa muku ba, robar nan tana jan ƙura, lokacin hunturu kam sai ka goge ka juya ka ga ta dawo, kuma ƙwayar ƙura ɗaya a kan sojan milimita 30 dutse ce a hoto. Busasshen burushi mai laushi nake ajiyewa kusa in share shi kafin kowane ɗauka. Maɓallan haɗawa ma ɗaya ya fara sakewa, da abin maƙale shanya nake riƙe wajen.

Girma shi ne abin da ba ni da dabararsa. Soja ɗaya ko mai doki yana shiga lafiya, 'yan biyar a jere da ƙyar, amma dodon nan mai fukafukai da nake kai yanzu fiffikensa har yana taɓa bango, ba wurin ja da shi gaba balle fitilar gefe. Wanda yake manyan abubuwa ya nemi na santimita 60, ko kuma ya samu kwalin firij ya yanke gefensa ya manna takarda, kuɗin ya zuba su a ƙwan fitila mai kyau guda biyu, ni ma dodon a kwali zan ɗauke shi. Mai ƙananan sojoji da ke fama da dumso da ƙaramin ɗaki, ya saya, amma ya biya ta shagon littattafai ya haɗo da baƙar takarda da salatif tun ranar.