Gargaɗi ga masu tsofaffin babura a Maraɗi: ana sace inji da sunan ƙara masa ƙarfi

Assalamu alaikum jama'a. Abin da ya same ni watan jiya nake so in faɗa muku, domin mutumin da ya yi mini shi yana nan yana yawo, kuma na tabbata ba a kaina zai tsaya ba.

Ina da Honda CG125 ɗan Japan, irin na farko-farkon nan da suka fara fitowa a shekarun 1970. Gadon mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Da shi ya yi ta zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Tibiri shekara da shekaru, ni ma da shi nake zuwa gona wajen Madarunfa. Ya tsufa, in na ɗora buhu biyu yana nishi cikin yashi, amma bai taɓa kwana da ni a daji ba.

Wani saurayi ne ya tare ni a bakin babbar kasuwa, ya zagaya babur ɗin yana shafa tanki yana yabo. Ya ce, "Alhaji, wannan ai zinare ne, ƙarfi kawai ya rage masa. Ka ba ni kwana uku in mayar maka da shi 150." Wato ya ƙara girman injin daga cc 125 zuwa cc 150, cc kuwa shi ne ma'aunin girman cikin inji. Ya nuna mini bidiyo a wayarsa, ya ce kayan daga Katsina suke zuwa masa ta Ɗan Issa. Jika talatin da biyar muka daidaita, na ba shi ashirin kafin alƙalami. Rumfar da ya kai ni ta kara ce a gefen wani gareji, na ɗauka yaron gidan ne. Ban tambaya ba, nan na yi kuskure.

Kwana uku suka zama tara. Da na karɓo babur, inji na ta ƙyalli da sabon fenti, murfin gefe da sunan Honda raɗau. Sati bai cika ba salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, buji na yin baƙi kullum, baƙin mai na ƙarewa kamar ana shansa. Na kai shi wurin dattijon makanikin da ke gyara wa mahaifina. Ya durƙusa, ya sa farce ya kankare fentin a gefen hagu ta ƙasa, inda ake buga lambar inji. Wurin sumul yake, an goge shi da dutsen wuta. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, wannan ba injin babanka ba ne." Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Gajiyayyen injin Sin ne, irin wanda kabu-kabu ya gama cinyewa, aka wanke aka fesa masa fenti, aka ɗaura masa murfina. Abin da ya sa cutar ke shiga da sauƙi shi ne yawancin injinan Sin ɗin nan kwaikwayon CG125 ne, suna hawa jikinsa ba tare da an sha wahala ba, in ba ka da ido ba za ka bambance ba. Nawa na asali kuwa an yi gaba da shi, don masu nemansa sun san darajarsa.

Dattijon makanikin ya buɗe injin ya auna a gabana, kuma lissafin da ya yi mini ya kamata kowa ya riƙe. Faɗin ramin silindar CG125 milimita 56.5 ne, tafiyar fistan sama da ƙasa 49.5, shi ke ba da cc 124. In silinda ta ci aka kai ta wurin masu rarakewa, ƙarin da aka saba yi 0.25 ne, ko 0.50, ko 0.75, ƙarshensa milimita ɗaya. Ko an kai wannan ƙarshen, inji bai wuce cc 128 da 'yan kai ba. Kafin a samu 150 sai faɗin ya kai milimita 62, wato sai an sa wata silindar da wani fistan ɗin gaba ɗaya, sau da yawa sai an faɗaɗa bakin gidan injin, sannan a daidaita karbireta, in ba haka ba mai ya yi masa kaɗan ya riƙa zafi har ya kame. Ana yin aikin, akwai masu gaskiya da suka iya shi, amma a gabanka za su kwance, su miƙo maka tsofaffin kayanka a leda. Abin da aka ɗaura mini ko 150 ɗin bai kai ba, 125 ne da ya mutu.

Asarar kuɗin ba ta kai mini tsoron gogaggiyar lambar ba. Wa ya san daga jikin babur ɗin wa aka ciro injin nan? In jandarma suka tsayar da ni a hanya suka duba, ni za a riƙe da kayan sata. Shi ya sa na je komisariya da kat griz ɗina, wato takardar rajistar babur, na shigar da ƙara. Da muka koma rumfar ba kowa, masu garejin suka ce aron inuwa kawai ya yi na wata guda, wayarsa kuma a kashe.

Don Allah duk wanda zai ba da tsohon babur, ya ɗauki hoton lambar inji da ta jikin babur tun a gida, kuma kada ya bar shi ya kwana wurin wanda ba a san maigidansa ba.

Masu sayar da kayan babura a Maraɗi, Tasawa da Jibiya, ku taimaka ku duba. Injina yana da shaida: haƙarƙarin silinda na uku daga sama, ta gefen dama, ya gutsure tun faɗuwar da mahaifina ya yi a hanyar Tibiri. Wanda aka kawo wa shi ya sanar da 'yan sanda mafi kusa.