Gida a gindin dutsen ƙanƙara: Chamonix, Andermatt, Aspen ko Niseko?

A hunturun 1946 wani matashi Ba'amurke, Warren Miller, ya ajiye 'yar tirelarsa a filin ajiye motoci na Sun Valley, jihar Idaho, shi da abokinsa suka ƙare sanyin nan a cikinta. Da rana su yi ta zamiya a kan dusar ƙanƙara suna ɗaukar juna da ƙaramar kyamara, in yunwa ta taso su harbo zomo su dafa. Daga wajen 1950 ya shiga fitar da fim ɗaya duk shekara, yana zagayawa da shi gari-gari, shi da kansa yake bayani a gaban 'yan kallo. Irin waɗannan finafinai ne suka dasa wa mutane hoton garin zamiya: ƙauye a gindin dutse, gidajen katako, hayaƙi na tashi, kowa ya san kowa. Wannan hoton dillalai suke sayarwa har gobe. Sai dai mai saye ba a 1950 zai biya kuɗi ba, kuma dokar yau ce za ta hau kansa.

A Amurka saye ya fi sauƙi, riƙewa ce wahala. Baƙo na iya mallakar gida a Aspen ta jihar Colorado ko Jackson ta jihar Wyoming ba tare da neman izini na musamman ba. Amma ƙasar da ake iya gini a kanta ba ta da yawa: a gundumar Teton, inda Jackson yake, kusan kashi 97 cikin ɗari na fili na hukuma ne. Shi ya sa masu dafa abinci da masu koyar da zamiya suke kwana a Victor da Driggs, can tsallaken dutse cikin Idaho. Da hanyar Teton Pass, wadda ta haɗa garuruwan nan da Jackson, ta zabtare a watan Yunin 2024, ma'aikata sun sha dogon zagaye kafin su isa wurin aiki. Ga kuma abin da dillali ba ya saurin faɗa: ran da baƙo ya tashi sayarwa, ana riƙe kashi 15 cikin ɗari na kuɗin cinikin saboda haraji, in kuma ya rasu da gidan a sunansa, dala 60,000 kacal ake yafewa kafin harajin gado ya hau. Mai iyali ya tsaya a nan ya yi lissafi da lauya tukuna.

Suwizalan ita ba ta ɓoye cewa ba ta son baƙi su cika mata ƙauyuka. Dokar Lex Koller ta ƙayyade gidajen hutu 1,500 a shekara ga baƙi a duk ƙasar, kowanne kada ya wuce wajen murabba'in mita 200. A 2012 kuma aka yi ƙuri'ar raba gardama da ta hana gina sababbin gidajen hutu a duk garin da suka riga suka haura kashi 20 cikin ɗari na gidajensa. Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce Andermatt, inda attajirin nan na Masar, Samih Sawiris, ya samu a cire aikinsa na gina gidajen hutu daga dokar baƙi. Wurin yana da kyau da tsari, amma sabon gari ne aka gina kusa da tsohon ƙauye. Wanda ke neman ƙauyen cikin fim ba zai same shi a nan ba.

Ni dai Faransa na fi tsayawa a kanta, don a nan ne zaɓi yake da gaske. Babu dokar da ta hana baƙo saye. Ciniki yana bi ta hannun notaire ne, masanin shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, wanda 'yan'uwanmu na Nijar sun san aikinsa, kuma a tsohon gida kuɗin takardu da haraji kan kai kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari a kan farashi. Bayan an sa hannu a yarjejeniyar farko, mai saye yana da kwana 10 da zai iya janyewa ba asara.

Zaɓin farko shi ne Chamonix, inda aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Gari ne mai rai duk shekara, masu hawan dutsen Mont Blanc na cika shi da bazara, kuma tafiyar kimanin awa ɗaya ce daga filin jirgin Janiba. Tsada kam akwai ta, kuma a 2025 hukumar garin ta taka wa gina sababbin gidajen hutu birki, saboda 'yan gari sun rasa wurin kwana. Abu biyu ne ba a gani a hoton talla. Na farko rana: kwarin matsattse ne, wasu unguwanni a gindin dutsen sukan yi makonni a tsakiyar sanyi rana ba ta leƙa tagarsu ba. Wanda ya duba gida a watan Yuli yana iya tararwa a Disamba da tsakar rana sai ya kunna fitila. Na biyu zabtarewar dusar ƙanƙara. A watan Fabrairun 1999 ta sauko a Montroc, can saman kwarin, ta shafe gidaje, mutum 12 suka rasu. Kowane gari yana da taswirar wuraren haɗari a ofishin magajin gari. A nemi ganinta kafin a ba da kafin alƙalami.

Zaɓi na biyu shi ne garuruwan da aka gina can ƙololuwa a shekarun 1960 da 1970, irin su Tignes da Val Thorens, wanda yake a tsayin mita 2,300. Benaye ne na siminti, ɗakuna ƙanana, ba abin da zai burge mai ɗaukar fim. Amma dusar ƙanƙara ta fi tabbata a can, alhali wuraren da suke ƙasa-ƙasa hunturunsu sai gajarta yake yi, wasu ƙananan ma sun rufe. In haya ake so a riƙa karɓa, tsayi ya fi kyan gini muhimmanci. A dai tambayi takardun taron masu gidajen bene na shekarun baya: in an yanke shawarar gyaran rufi ko lifta, kason mai ɗaki yana nan yana jiran sabon mai shi.

Niseko da ke tsibirin Hokkaido a Japan tana da dusa mai laushi da yawa, kuma baƙo na mallakar fili da gida kai tsaye. 'Yan Ostireliya ne suka fara tada kasuwar a farkon shekarun 2000. Matsalarta nisa, ga dokar 2018 da ta tsayar da hayar gida ga 'yan yawon buɗe ido a kwana 180 a shekara ga wanda ba shi da lasisin masauki. Bansko ta Bulgeriya kuwa araha ce, amma araha ba ta ado: an yi gini fiye da kima kafin 2008, waɗanda suka yi cinikin biri a sama tun gini na kan takarda da yawa sun sha wuyar samun mai saye.

Ga mai fasfon Nijeriya ko Nijar akwai ƙarin magana. Takardar gida ba biza ba ce a Faransa ko Suwizalan ko Amurka ko Japan. A yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya da suka haɗa da Faransa da Suwizalan, bizar ziyara kwana 90 take bayarwa cikin kowane 180. Ke nan aƙalla rabin shekara gidan a kulle yake, kuma gidan da aka kulle a can ba ya zama haka kawai: in na'urar ɗumama ta mutu, ruwan cikin bututu ya daskare ya fasa shi, sai ranar da sanyi ya sassauta a ga ruwa na bin bango zuwa ɗakin maƙwabcin ƙasa. Dole a biya mai kula, a biya inshora, a biya harajin gida na biyu, wanda wasu garuruwan Faransa ke ƙara wa har kashi 60 cikin ɗari.

Da ni ke da kuɗin, hayar hunturu guda zan fara yi. In har bayan nan ina so, zan duba Sallanches ko Passy, ƙasa da Chamonix kaɗan: akwai jirgin ƙasa, akwai kasuwa da makarantu, farashi ya fi sauƙi, kuma ana samun ɗan haya na shekara, ba sai an jira masu hutun mako guda ba.